Tsiron Wake da Hatsi a Gida Ba Tare da Ƙasa Ba: Amfaninsa da Haɗarinsa

Daga watan Janairu har zuwa faɗuwar ruwan fari, ɗanyen ganye yakan yi wuya a ƙauyukanmu. Sai mai lambu a bakin rafi ko a fadama ne ke samun alayyafo da yakuwa. Sauran gidaje miyarsu ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa. A wannan lokaci ne muke yawan ganin mata masu ciki da ƙarancin jini a asibiti, da yaran da aka yaye suna ramewa. Alhali kuwa akwai gero a rumbu, akwai wake a buhu.

Wannan ɗan littafi zai nuna muku yadda ake sa wake da hatsi su tsiro a cikin gida, da ruwa kaɗai, ba gona ba taki. Cikin kwana biyu ko uku sai ku sami abinci mai gina jiki fiye da busasshiyar ƙwayar da kuka fara da ita. Amma aikin yana da ƙa'ida. Wanda ya karya ƙa'idar zai iya jawo wa gidansa zawo mai tsanani ko guba. Saboda haka ku karanta har ƙarshe kafin ku fara.

Yaya iri yake tsirowa babu ƙasa?

Allah ya halicci kowace ƙwaya da guzurinta a cikinta. Garin da muke niƙawa mu yi tuwo, shi ne abincin da aka tanada domin ɗan tsiron da ke kwance a ciki. Muddin ƙwaya tana bushe, barci take yi. Da zarar ta sha ruwa, ta sami iska da ɗumi, sai ta farka ta fara cin guzurin nan. Ba ta bukatar ƙasa a makon farko. Bayan kamar kwana 10 guzurin yakan ƙare, ganyen ya fara yin ɗorawa, daga nan sai da ƙasa ko taki.

Abin da tsiro yake ƙara wa abinci

Abu na farko shi ne bitamin C. Busasshen wake da busasshen hatsi kusan ba su da shi, amma idan sun tsiro sai ya bayyana. Rashin wannan bitamin ne ke sa dasashi kumburi da zubar jini, ya kuma hana miki warkewa da wuri. A lokacin yaƙin duniya na farko, likitoci sun yi amfani da tsiron wake wajen jinyar sojojin da wannan ciwo ya kama, a inda ba a samun lemo.

Abu na biyu ya shafi jini. A cikin hatsi da wake akwai sinadarin ƙarfe wanda jiki ke gina jini da shi. Amma akwai wani sinadari mai suna fitat da yake riƙe shi, ya hana hanji ɗaukarsa. Jiƙawa da tsirowa suna rage fitat, sai jiki ya fi samun rabonsa.

Abu na uku, waken da ya tsiro ya fi saurin nuna a wuta, don haka ana rage itace. Kuma bai cika sa kumburin ciki da yawan tusa ba kamar busasshen wake.

Abu na huɗu, kuma mafi girma ga masu goyo, shi ne garin tsiro da ake sa wa kunun yara. Za mu yi bayaninsa a gaba.

Zaɓen iri

A nan ne haɗari na farko yake. Kada ku taɓa amfani da irin shuka da aka sayo a leda ko aka raba domin noma. Galibi an shafa masa maganin ƙwari da na fumfuna, shi ya sa za ku gan shi da launin ja, ko ruwan hoda, ko kore. Wanki ba ya fitar da wannan guba. A ƙasar Iraƙi, a shekarar 1971 zuwa 1972, an raba wa manoma irin alkama mai magani, mutane suka wanke launin suka niƙa suka yi burodi. Fiye da mutum 6,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 400 suka rasu.

Haka kuma ku guji waken da aka barbaɗa wa hoda domin ajiya. Idan ba ku san yadda aka ajiye waken kasuwa ba, ku tambayi mai sayarwa, ku kuma shinshina. Mafi kyau shi ne na gonarku, wanda aka ajiye da toka, ko da yashi, ko a buhun PICS mai ruɓi uku wanda ba a sa masa magani.

Waɗanda suka dace: farin wake, waken soya, gero, maiwa, masara, alkama da hulba. Gyaɗa ba ta dace ba, domin tana saurin kama fumfuna mai gubar da ke lalata hanta.

Ku tsince irin sosai. Ku fitar da tsakuwa, da fasassu, da waɗanda ƙwari suka huda, da masu baƙin tabo. Ƙwayar da ta mutu ba za ta tsiro ba, ruɓewa za ta yi ta ɓata sauran. In kuna shakka, ku gwada: ku naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle har kwana uku. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 8 ba, ku dafa wannan irin yadda kuka saba, ku nemi wani domin tsiro.

Dawa dabam take

Ku tambayi kowane makiyayi, zai gaya muku ba a barin shanu su ci gyauron dawa ko ƙaramar dawa mai tasowa, domin tana kashe dabba cikin ɗan lokaci. Gubar da ke cikinta ita ce irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, ana kiranta sayanid. Busasshiyar ƙwayar dawa ba ta da wannan matsala, amma da zarar ta tsiro, gubar tana taruwa da yawa a cikin tsiron da saiwar.

Saboda haka kada a ci tsiron dawa a matsayin kayan miya, kada a matse ruwan ganyenta, kada a ba awaki ko kaji. Kada kuma a yi garin kunun yara da ita. Wanda ya ci wani abu irin wannan, sai ya ji ciwon kai, jiri, amai da numfashi sama-sama, a kawo shi asibiti nan da nan.

Kayan aiki

Ba sai kun sayi kome ba. Kuna bukatar kwano mai murfi, da rariya ko ƙaramin kwando mai tsabta, da farin ƙyalle guda biyu waɗanda aka wanke da sabulu aka tafasa aka shanya a rana. Sai ruwa. Ruwan da ba za ku ba jariri ya sha ba, kada ku zuba wa tsiro. Ku yi amfani da ruwan da aka tafasa ya huce, ko na famfon burtsatse mai kyau, ko wanda aka sa wa maganin tsabtace ruwa irin su Aquatabs. Ruwan rafi da na tafki ba su dace ba.

Yadda ake yin tsiron wake

1. Ku wanke hannu da sabulu. Haka za ku yi duk lokacin da za ku taɓa irin.
2. Ku auni kofi ɗaya na wake, ku wanke sau uku. Duk abin da ya taso saman ruwa a zubar.
3. Ku jiƙa shi cikin kofi uku na ruwa, awa 8 zuwa 12. Idan an jiƙa bayan abincin dare, da asuba ya isa. A lokacin zafi kada ya wuce awa 8, don kada ya yi tsami.
4. Ku tsiyaye ruwan, ku ɗauraye, ku zuba waken a rariyar da aka shimfiɗa wa ƙyalle. Ku baza shi, kada kaurinsa ya wuce yatsa biyu.
5. Ku rufe da ɗaya ƙyallen mai danshi. Ku ɗora rariyar a kan kwano domin ruwa ya riƙa ɗiga. Ku ajiye a inuwa mai iska, sama da ƙasa, inda kaji, ɓera da ƙuda ba za su kai ba.
6. Ku riƙa ɗauraye shi safe, rana da yamma. A watannin zafi ku ƙara sau ɗaya kafin barci. Kowane lokaci ku bar ruwan ya tsane sarai. Iri yana son danshi, amma idan ya kwanta cikin ruwa sai ya shaƙe ya ruɓe.
7. A kwana na biyu ko na uku, idan farin tsiron ya kai tsawon gaɓar yatsa ɗaya, ya isa. A lokacin hunturu yakan ɗan ƙara kwana.

Ruwan ɗauraya kada a zubar a banza. Ku zuba shi a gindin zogale ko gwanda.

Ku duba da ido, ku shinshina da hanci. Tsiro mai kyau fari ne, da ƙarfi, yana ƙamshin ɗanyen wake. Idan yana wari, ko yana yauƙi, ko kun ga baƙi-baƙi ko kore-kore a jikinsa, ku zubar duka a rami. Kada ku tsince mai kyau ku ci, kada ku ba dabba. Wani lokaci za ku ga farin gashi siriri a jikin saiwa kaɗai. Idan an zuba ruwa ya kwanta ya ɓace, gashin saiwa ne, ba kome. Fumfuna kuwa tana yaɗuwa kamar yanar gizo daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kuma tana da wari.

A dafa kafin a ci

Ɗumi da danshin da iri yake so, su ne kuma ƙwayoyin cuta suke so. Ƙwayar cuta kaɗan da ke manne a jikin iri tana iya hayayyafa ta zama dubbai cikin kwana biyu, kuma ba za a gani ba, ba za a ji wari ba. A shekarar 2011, a ƙasar Jamus, mutane suka ci ɗanyen tsiron hulba mai ɗauke da ƙwayar cutar E. coli. Kusan mutum 4,000 suka kamu, fiye da 50 suka mutu, wasu da yawa ƙodarsu ta lalace. Wannan ya faru ne a ƙasar da ke da ruwan famfo da firji a kowane gida. Mu da muke fama da zafi da ƙarancin ruwa, kulawarmu dole ta fi tasu.

Don haka dokarmu ɗaya ce: ba a cin tsiro ɗanye. Wannan ya shafi kowa, balle yara ƙanana, mata masu ciki, tsofaffi, masu ɗauke da cutar sida, masu tarin fuka da masu ciwon sukari.

Tsiron wake a tafasa shi har ya nuna ya yi laushi, aƙalla minti 15. Waken soya ya fi bukatar wuta. Ana iya zuba shi cikin miya, ko fate, ko a haɗa da shinkafa, ko a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli bayan an dafa. Wuta tana rage bitamin C, gaskiya ne. Domin kada a yi asara da yawa, a dafa da ruwa kaɗan, a rufe tukunya, kuma kada a zubar da romon. Kada a sa kanwa, domin tana kashe bitamin. Abin da aka girbe yau a dafa shi yau, a ci da zafinsa.

Garin tsiro domin kunun yara

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ko ruwa ba ya bukata. Bayan wata 6 sai a fara ƙara masa kunu, ana ci gaba da ba shi nono. A nan ne matsala take. Cikin yaro ƙarami ne, bai fi ɗaukar ƙaramin kofi ɗaya a zama guda ba. Idan kunu ya yi kauri, ba ya iya haɗiya. Sai uwa ta ƙara ruwa. Yaro ya sha cikinsa ya cika, amma yawancin abin da ya sha ruwa ne. Haka yaro zai yi ta sha yana ramewa.

Hatsin da ya tsiro yana da wani sinadari mai suna amilas, wanda ke narkar da kaurin kunu ba tare da an ƙara ruwa ba. Masu kunun zaƙi sun san irin wannan dabara, shi ya sa suke sa tsiron shinkafa ko dankali a kununsu. Da garin tsiro, uwa za ta iya dama kunu da gari ninki biyu na yadda ta saba, kuma yaro ya sha cikin sauƙi.

Ga yadda ake yi:

1. Ku sa gero, ko masara, ko alkama ya tsiro kamar yadda aka bayyana a sama, kwana biyu zuwa uku.
2. Ku shanya a rana a kan faifai ko tabarma mai tsabta, a rufe da siririn ƙyalle, har ya bushe ƙayau. Idan an ciza ƙwayar ta fashe da ƙara, ta bushe.
3. Ku murje da tafin hannu, ku sheƙe, duk tsiron da saiwar su fita.
4. Ku daka ko ku niƙa, ku tankaɗe, ku zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Ku yi kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare cikin mako biyu ko uku.
5. Ku dama kunu mai kauri sosai da garin da kuka saba. Ku sauke, ku bari tururin ya ɗan ragu.
6. Ku zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro a kofi ɗaya na kunu, ku juya, ku rufe. Cikin kamar minti 10 za ku ga ya saki.
7. Ku mayar kan wuta ya sake tafasa na minti biyu ko uku, domin garin tsiron ɗanye ne. Kada a tsallake wannan mataki.
8. Ku ƙara ɗan mai, ko tunkuzar gyaɗa mai kyau, ko garin zogale. Ya huce, a ba yaro da cokali da kofi mai tsabta.

Irin wannan kunu yana kuma taimakon tsofaffi marasa haƙori, da majinyatan da ba sa iya cin tuwo.

Ciyawar alkama

Yanzu mutane suna ganin labarin ruwan ciyawar alkama a waya, suna zuwa suna tambayarmu. Ga yadda ake shuka ta. A jiƙa ƙwayar alkama ta ci, a bar ta ta tsiro kwana ɗaya ko biyu. A sami faranti ko tire mai ƙananan huji a ƙasa, a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, a baza alkamar ƙwaya kusa da ƙwaya, kada wata ta hau wata. A rufe ta cikin duhu kwana biyu ko uku, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Idan ganye ya fito, a buɗe a ajiye inda akwai haske da iska, amma ba cikin tsakar rana ba. Saiwoyin za su sarƙe su zama kamar tabarma. Daga kwana 7 zuwa 10 ciyawar takan kusa kai tsawon taƙi ɗaya. Sai a yanka da wuƙa mai tsabta, a bar kamar yatsa biyu sama da ƙwayar, domin a gindi ne fumfuna ke fara kamawa.

Cikin ɗan Adam ba ya narkar da ciyawa kamar na saniya, shi ya sa masu sha suke dakawa su tace ruwan. To ruwan nan ɗanye ne, kuma duk haɗarin da muka faɗa game da ɗanyen tsiro yana kansa. Wasu yana sa su tashin zuciya da ciwon kai. Ba mu ba da shawarar a ba yara, ko masu ciki, ko marasa lafiya.

Wata mata ce a Amurka, mai suna Ann Wigmore, ta yayata shan wannan ruwa, kuma ita ba likita ba ce. Ana cewa koren ganyen yana komawa jini a jikin mutum. Wannan ba gaskiya ba ne. Jini da sinadarin ƙarfe ake gina shi, koren ganye kuwa wani sinadari dabam ne a tsakiyarsa. Ruwan ciyawar alkama ba ya warkar da ciwon daji, ko sida, ko sikila, ko ciwon sukari, ko hawan jini. Abin da ke cikinsa na gina jiki, akwai irinsa a zogale, da alayyafo, da rama, da ganyen wake, waɗanda ake dafawa a ci lafiya. Wanda yake shan magani daga asibiti, kada ya daina saboda wata ciyawa. Mun sha ganin waɗanda suka ajiye maganinsu domin abin da wani ya sayar musu, suka dawo jiki ya riga ya lalace.

Inda wannan ciyawa take da amfani a fili shi ne wajen dabbobi. Da rani, idan makiyaya ta bushe, ana iya yin haka da masara ko alkama a ba kaji, zomaye da awaki, ganye da saiwa duka. Sharaɗin shi ne kada ya kasance da fumfuna, kada kuma ya zama dawa.

Yaushe za a zo asibiti?

Idan wani ya kamu da zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na fakiti, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai goyo ta ci gaba da ba da nono. A kawo majinyaci asibiti ba tare da jinkiri ba idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- jini a cikin kashi
- zazzaɓi mai zafi tare da zawo
- amai da ke hana shan ruwa
- fitsari ya ragu ko ya tsaya
- ido ya faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa
- yaro ya yi laushi, ba ya iya kama nono

Kada a sayi ƙwayoyi a tebur domin tsayar da zawo mai jini. Wasunsu suna ƙara tsananta ciwon.

Ku tuna

Iri na ci, ba na shuka ba. Ruwa mai tsabta da hannu mai tsabta. A ɗauraye sau uku a rana, a bar shi ya tsane. Mai wari ko mai yauƙi a zubar. Ban da dawa. A dafa kafin a ci.

Ku fara da kofi ɗaya tak. Idan hannunku ya faɗa, ku koya wa maƙwabta da ƙungiyar mata a unguwarku ko a majami'arku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Masu goyo kuma su riƙa kawo yara awo kowane wata, domin sikeli ne zai nuna ko kunun yana yin aiki. In kuna da tambaya, ku yi wa ma'aikacin lafiya na kusa da ku.

Allah ya albarkaci abincinmu, ya ba mu lafiya, mu da 'ya'yanmu. Amin.